Ranar da Muka Sa Kukan Shanu a Rediyo

Shekarun da na yi ina karanta sanarwa a ƙaramin gidan rediyonmu na Filinge, aikina bai wuce ɗaurin aure, suna da cigiyar jaki ba. Sai ga shi ɓarayin shanu masu bindiga sun kore garke a dajin Sanam, sun haɗa da makiyayin, suka naɗi murya suka watsa a wayoyin salula. A ciki shugabansu yana cika baki yana tsorata ƙauyuka, can bayansa makiyayin yana kuka yana roƙonsu, shanu ma suna nasu kukan.

Daraktanmu mutum ne mai son a ce a gidansa aka fara ji. Ya ce a sa muryar bayan labarun rana. Raina ya ɓaci. Na ce ɓarawo ya yi sata, kuma mu zama maroƙansa? Ya ce ai rabin gari ya ji a salula. Na ce sauran rabin fa, mu za mu kai musu kukan ɗan mutane har cikin ɗaki?

Muna cikin haka gwaggona ta faɗo ko sallama babu. Saniyarta tana cikin garken.

"Ku sa ta!" in ji ta. "Wagga da ka kuka daga ƙarshe, tawa ta. Mutanen ƙasar Kurhwai duka su ji su shaida."

Na ce, "Gwaggo, kuka ɗai kinka ji, ƙaƙa kinka gane ta?"

"Kai in ubanka ya yi tari cikin masallaci, ba ka gane shi?"

Kafin azahar wani dattijo daga Damana ya iso, ya rantse kukan nan na bajiminsa ne. Gwaggo ta ce ita ba ta taɓa jin bajimi da muryar mata ba, sai dai in ya gado mai shi. Da ƙyar muka raba su.

Mai haɗa mana sauti ne ya kawo mafita. Ya yanke ɓarawon, ya yanke makiyayin, ya bar shanu zalla. Na gyara murya na ce ga sanarwa ta musamman, mai dabba ya kasa kunne. Darakta ya zauna ya cika ya yi fam. Wani ya bugo yana tambaya ko rediyon ya lalace, wani kuma ya ce wannan baƙon ya fi na jiya magana mai ma'ana.

Washegari da hantsi wata dattijuwa Bafillata ta sauke ƙwaryar nononta a ƙofarmu. Ta ce ita ce uwar makiyayin. An faɗa mata akwai muryarsa, amma duk mai salula in ya gan ta sai ya ɓoye. Ta roƙa in bar ta ta ji.

Na shigar da ita, na rufe ƙofa, na sa mata abin sauraro a kunne. Na kunna mata muryar da ba a yanke ba. Ta saurara har ƙarshe, fuskarta ba ta motsa ba.

"Shi na. Yana da rai," ta ce. Ta cire abin a hankali ta miƙo mini. "Wannan kukan, kun sa shi jiya?"

Na ce a'a, shanu kawai muka sa.

"To, madalla. In Allah ya maido shi, ya iya shiga kasuwa ba kunya."