Tsarabar Sharif Tela

Sharif tela ya bar Garwa yana saurayi, ya dawo da furfura har a gira. Shekara ashirin da wani abu ya yi a birnin Libarbil yana taka keken ɗinki, bai yi aure ba, bai kuma tara abin kirki ba. Amma tsaraba kam ya zo da ita, don a wurinsa babu abin kunya kamar mutum ya dawo daga tafiya ya shiga gidan maƙwabta hannu rabbana. Da hannunsa ya ɗinka wa kowa nasa, da awon da ya riƙe a ka tun ranar da ya tafi. Har rigar goyo ya yi wa ɗiyar Kaltouma mai ƙosai, kamar yara ba sa girma.

Ƙanwarsa Fa'iza, wadda ya sauka a gidanta, ta ce ya haƙura, tsohuwar unguwarsu ba yadda ya san ta take ba. Sharif kuwa akwai taurin kai. Shi dai burinsa wani ya gan shi ya kira sunansa.

Ya ɗauki jakar tsarabar ya fita, ya ce wa wani mai mashin ya kai shi gindin ɗurumin tsohuwar unguwarsu. Mai mashin ya ce shi sunan famasi ko otal ya sani, sai Sharif ya sauka ya taka da ƙafa. Inda zauruka suke duk an zuba shaguna da benaye. Dieudonné mai facin taya ya koma ƙauyensu can cikin duwatsu, wasu suka ce ma ya rasu. Kaltouma ta sayar da gida ta bi ɗanta zuwa garin Bibemi. Sauran da ya tambaya, ko sunansu ba a taɓa ji ba. Kaɗaici ya rufe shi a tsakiyar cunkoson babura.

Daga ƙarshe ya tsaya a gidan da aka haife shi, wanda yanzu katanga da ƙofar ƙarfe suka kewaye. Ya yi ta sallama. Can wata mata ta leƙo, ta dube shi, ta dubi jakar.

"Baba, ba ma saye."

Ya gyara riƙon jakarsa.

"To, a yi haƙuri," in ji shi.