Saitin da Marigayi Ya Bari

Ranar Lahadi ce, ranar kasuwar Jibiya, wajen ƙarfe goma na safe, a bakin shingen Magama. Daga ni sai wani tsohon direban babbar mota da ya yarda mu yi hira kafin ma'aikatan kwastan su sallame shi ya wuce Maraɗi. Can gefe kuma akwai mai tallan maganin basir, da lasifika ɗaure a saman motarsa.

A da mu biyu muke zuwa irin wannan aiki. Ni ke tambaya, abokin aikina ke kula da sauti. Shi ya saita ƙaramar na'urar da ake maƙala wa mai magana a aljihu, wadda ke aika murya daga makirfo zuwa na'urar da ke hannuna ba tare da waya ba. Ya zaɓi mitar da za ta bi, ya daidaita ƙarfin sautin, ya sa makulli don kada wani ya taɓa. Bayan rasuwarsa gidan rediyon bai ba ni wani ba, aka ce in riƙa haɗa aikin biyu. Batir kawai nake canzawa. Na iya buɗe makullin, tun yana raye ya nuna mini. Ban taɓa buɗewa ba.

Na maƙala wa direban makirfo a wuyan riga, na sa abin sauraro a kunne, na ce ya yi magana. Bakinsa na motsi, amma muryar mai magani ce ta cika mini kunne, tana lissafa alamomin basir ɗaya bayan ɗaya. Makirfonsa shi ma marar waya ne, kuma ya faɗo daidai kan mitarmu.

Na taka na same shi, muka gaisa. Na roƙe shi ya ɗan tsagaita har in gama.

Ya sauke makirfon daga bakinsa ya dube ni. "Yallaɓai, ran kasuwa? Ka bari sai azahar, in na tai salla filin naka na."

"Mutumin da nake hira da shi ba zai kai azahar ba."

"To ka sa ni cikin rediyon mana, kowa ya huta. Ko kai ma kana jin ɗan ƙaiƙayin? In ba ka na gwaji."

Masu shayi da ke kusa suka yi dariya. Na yi masa godiya na dawo.

Na gwada abin da ba ya bukatar taɓa saiti. Na kai direban bayan motarsa ko ƙarfen jikinta zai tare. Na matso da na'urorin biyu har suka kusa haɗuwa. Muryar mai maganin ta ragu, ba ta fita ba.

"Ɗan jarida," in ji direban, "in sunka miƙo mani takarduna tashi zan yi. 'Yan duwan, kwastan na can gaba, ba su jiran kowa."

Na ciro na'urar daga aljihunsa. Fentin maɓallin tsakiya ya goge, daidai faɗin babban yatsan marigayi. Na danne shi har alamar makullin ta ɓace. Na sa na'urar hannuna ta laluba sararin wurin, ta nuna mitar da babu kowa a kai. Na haɗa fuskokin na'urorin biyu, ta aljihun ta karɓi sabuwar lamba. Tsohuwar lambar ta tafi, ko ƙyaftawa allon bai yi ba. Kunnena ya yi tsit, sai numfashin tsohon da ƙarar injin wata mota a nesa.

Saura ƙarfin sauti. Marigayin ba ya sa mutum ƙirga ɗaya, biyu, uku. Tsokanarsa yake yi har sai ya yi dariya, don a cewarsa babu abin da ke fitowa da ƙarfi daga bakin dattijo kamar dariyarsa, kuma a kanta ake auna sauti. Ni ban iya tsokana ba. Na bar lambar yadda na same ta, na mayar da makulli.

Muna tsakiyar hira kan kwanakin da direbobi ke yi a layi, sai ya tsaya ya ƙura mini ido.

"Ba kai ka zuwa da wani dogo ba? Wanda ya ce motata ta girmi iyakar nan?"

"Ni ne, Baba. Allah ya yi masa rasuwa."

Ya yi salati a hankali, ya yi masa addu'a, na amsa. Can sai dariya ta kuɓuce masa, irin ta cikin ƙirji, har yana dukan tayar motar.

"Ja'irin mutum. Wai har Turawan da sunka shata iyaka ita ta ɗauko su."

Na dubi ma'aunin sautin. Ya hau, ya hau, ya tsaya gab da ja, bai taɓa ba.

An kira lambar motarsa kafin mu gama. Ya cire makirfon da kansa ya miƙo mini. Na zauna a bencin mai shayi na saurari abin da na ɗauka, sannan na nemi motar Katsina.

Rahoton ya fita a labaran yammacin Talata, an yanke dariyar saboda ƙarancin lokaci. Da damina ta kama gidan rediyon ya sayo sababbin na'urori, aka karɓi tsofaffin aka mayar da su sito.