Mutumin da Ya Buɗe Kwazazzabon Baƙin Ruwa

Kou Shuanlao maƙwabcina ne a ƙauyenmu da ke gindin tsaunukan Qinling na ƙasar Sin. Ni taliya nake sayarwa a bakin Kwazazzabon Baƙin Ruwa, shi kuwa haƙar saiwar magani ya gada wajen ubansa. Gajere ne kakkaura, ba ya son surutu, ga taurin kai.

Can ƙarshen kwazazzabon akwai ƙololuwar da muke kira Kan Zakara. Kowa yana hango ta daga ƙofar gidansa, amma ba wanda ya taɓa hawanta ta ɓangarenmu, don hanya tana ƙarewa ne a jikin wani bangon dutse da ruwa ke zubowa daga samansa. Shuanlao ya dage cewa akwai mashiga. Ya ce ya sha ganin sawun awakin dutse a gindin bangon, ya kuma hango su a sama, akuya kuwa ba ta tashi kamar tsuntsu.

Shekaru ya kwashe yana nema. Ya bi reshen kwazazzabon na hagu, ya kutsa cikin dajin gora da adda, ya ɓulla a bakin rami mai zurfi. Ya bi na dama, dutse ya gangaro ya karya masa kafaɗa. Matarsa Cailian ita kaɗai ke fama da gona.

"Masara ta nuna, kai kana can kana bin gindin awaki!" in ji ta. "In ka kai saman, me za ka sauko mana da shi?"

"Ke dai dafa mini dankali, sammako zan yi."

"Dafa da kanka, mijin dutse."

Daga ƙarshe ya samu. Wata tsaga ce a bayan ruwan da ke zubowa, sai mutum ya karkace yake shiga, kuma ba ta biyuwa sai damina ta wuce. Ya kafa turakun ƙarfe, ya ɗaure igiyoyi, ya rataya jajayen ƙyallaye a rassa har ƙololuwa. Ranar da ya sauko, a rumfata ya ba da labarin. Mutane suka ce masa sannu, suka ci gaba da shan romo.

'Yan birni ne suka ɗauke shi da daraja. Wani saurayi mai zaƙin baki, Qu Haibo, shugaban wata ƙungiyar masu hawan dutse daga birnin Xi'an, ya zo yana ta Kawu Kou, Kawu Kou, yana kunna masa taba. Shuanlao ya kai su har sama. A bakin tsagar ya ce musu kada kowa ya shiga nan da damina. Haibo ya zana hanyar a wayarsa, ya watsa wa duniya da sunan Hanyar Tsoho Kou. Gargaɗin dai bai sa ba.

Shuanlao ya ji daɗin sunan ƙwarai, har ya riƙa sa 'yarsa ta nuna wa baƙi a waya. Motoci suka fara cika ƙauye. Maƙwabta suka mai da ɗakunan ajiyar hatsi masauki, ni ma na ƙara tebura. Sai dai ba mai neman jagora kuma.

"Kawu, ka huta," haka suke ce masa. "Waya ta san hanya."

Wata Asabar cikin damina, rana na haskawa a ƙasa, ashe ana sheƙa ruwa a saman dutsen. Ambaliya ta tarar da wasu baƙi masu bin zanen Haibo a cikin tsagar. Sauran suka tsira, ta tafi da wata malamar makaranta mai suna Nie Xiaoman. Shuanlao ne ya shige gaban masu ceto, shi ne kuma ya goyo gawar har bakin rumfata, gashinta cike da yashi.

Uwarta tana tsaye a wurin. Da ta ji sunansa, sai ta matso.

"Kai ne Kou ɗin?"

"Ni ne."

Ta sharara masa mari. "Wa ya aike ka? Dutse yana zamansa, wa ya ce ka buɗe shi?"

Ya tsaya nan, ruwa na ɗiga daga wandonsa.

Kafin jami'ai su iso, Haibo ya goge zanen daga wayarsa. Ya shaida musu cewa shi tsohuwar hanyar wani ɗan ƙauye ya bi kawai. Suka tambayi Shuanlao wa ya ba shi izinin kafa ƙarfe a jikin dutse. Suka sa shi ya hau, jami'ai biyu na biye, ya tuge turakun ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, ya yanke igiyoyin. Sannan aka shinge kwazazzabon da wayar ƙarfe, aka hana har haƙar magani.

Baƙi suka ɗauke ƙafa. Maƙwabtan da suka ci arzikin hanyar suka daina amsa gaisuwarsa. Wani ma ya zuba masa ruwan wanke-wanke a ƙofa.

Bara wani kamfani ya samu izinin gina matakala zuwa Kan Zakara. Injiniyansu ya zo da kwalin giya yana neman Tsoho Kou ya nuna musu tsagar. Cailian ta tare ƙofa.

"Ba ya nan."

"Inna, ai ga shi can a zaune."

"Na ce ba ya nan. Ɗauki giyarka."

Shuanlao yana bayanta yana ɓare masara, bai ɗago ba. Mutanen kamfanin ba su sha wata wahala ba, ramukan turakunsa suka bi. Yanzu Matakalar Sama ake kiran wurin, akwai allo a mashiga da hoton shugaban kamfanin. Gwiwoyin Shuanlao sun lalace, ko gangaren kasuwa sai Cailian ta riƙe masa hannu, tana tafe tana masa faɗa.