Dajin da Na Shuka wa Kaka da Baki

Kowa a tashar 'yan kabu-kabu ta Shagari ya san bakina. In na ce na ga kura a hanya, to a bincika da kyau, ƙila ɗan akuya ne. Ban taɓa jin kunyar haka ba, don ƙaryata ba ta cin kowa, dariya kawai take sa mutane kafin fasinja ya zo. Sau ɗaya tak na yi ƙarya da gaske, ina zufa, ina roƙon Allah ta kama. Ranar ce kuma ta ƙi.

Kakana na wajen uba malamin daji ne a zamaninsa. Gandun dajin da ke kan tsaunukan bayan ƙauyenmu, ta wajen Kajiji, shi ya yi gadinsa tun gemunsa na baƙi har ya yi fari fat. Hanyoyin ƙafa da suka ratsa ciki, shi da abokan aikinsa suka share su da adda da fartanya, duk bayan damina su sake bi su gyara don kada wuta ta tsallaka. Da idonsa ya rufe, sai ya koma zaure, ya jingina da bango, yana bin hanyoyin nan da baki. Daga gindin dutse ka kama marke, ka haura ka sha kwana wajen babbar ƙirya, ka miƙe har kanyar da ke bisa, inda yake cin guzurinsa. Mun ji wannan har kajin gidan sun haddace.

Abin da bai sani ba, dajin ya ƙare. An sare shi an toya, ya sauka gari buhu-buhu. Duk gidan muka rufe masa maganar ba tare da mun zauna mun shirya ba. Ni kuwa na fi kowa son ta rufu, don a bayan babur ɗina buhunan gawayi da yawa suka sauko.

Wata safiya ina goge babur a ƙofar gida ya kira ni.

“Kai, sarkin ƙarya, yau ka kai ni dutse. Ina son in taka hanyata tun ƙahwata tana jin magana.”

“Haba tsoho, kai da ko masallaci sai an ja ka? Wurin ya cika da zakuna. Jiya-jiyan nan wani yab biyo ni har bakin kwalta, sai da nib ba shi haƙuri.”

“Ya duba ka ya ga ba nama. In ba ka kai ni, in ɗau sandata in tahi.”

Na san halinsa, zai tafi ɗin. Na ɗora shi a baya, ya riƙe ni kamar zai karya mini haƙarƙari, muka kama hanyar burji.

Da muka sauka a gindin dutse na ɗaga kai na dubi tsaunin da nake hawa kusan kullum. Ban taɓa kallonsa da idon wani ba sai ranar. Tsaunin tas, kamar kaina in na fito daga wurin wanzami. Kututture nan, kututture can, sabara da tumfafiya, sai baƙaƙen ramuka inda aka toya icce. Ko ƙadangare sai ya bi layi kafin ya sami inuwa. Ɓarawon shanu ma ba zai ɓuya a nan ba, daga Bodinga za a hango shi.

Na kama hannunsa muka fara hawa, na buɗe baki na shiga aiki.

“Tsoho, duƙa, ga reshe!”

Ya duƙa. Babu komai a samansa sai sararin Allah.

“Ɗaga ƙahwa, saiwa ta. Kai, dajin ga ya lalace da girma, ko da rana sai da tocila.”

Ya ɗaga ƙafa, yana murmushi, yana cewa ai ya gaya wa mutane in aka bar icce ya huta zai rama. Na riƙa kaɗa sabara da ƙafata don ya ji motsin ganye. Sau uku na sa dattijon nan ya sunkuya wa iska. Ina yi ina jin daɗin gwanintata, kuma ina jin kamar in kwanta a ƙasa in yi ihu.

Can ya tsaya ya karkata kunne.

“Mi yas sa ba ni jin tsuntsaye?”

“Sun tahi biki Lambara. Hasbiya ka aure.”

Ya yi dariya, amma gajeriya. Muka ƙara gaba kaɗan. Sai ya saki hannuna, ya cire hularsa, ya tsaya da kai a buɗe. Hantsi ya ɗaga, rana ta sauka a kan sanƙonsa har yana sheƙi. Ya daɗe a haka.

“Nan wurin,” ya ce, “rana ba ta taɓa sauka bisa kaina ba.”

“Ranar bana daban ta, tsoho. Huda ganye taka yi.”

Ya mayar da hula, ya shiga lalube da ƙafa. Hanyar da ya sani ta mutum ɗaya ce, in biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe. Yanzu ta buɗe, tsakiyarta ya zama kwari inda tayoyi suka ci ƙasa. Ƙafarsa ta faɗa kwarin, ya fitar, ya sake sakawa, ya bi shi taku biyar ko shida kamar mai auna gona.

Na miƙa hannu zan ja shi dama, don na san abin da ke hagu. Ya ture ni da sanda. Makaho, a kan dutse, ya sha kwanar nan shi kaɗai ba tuntuɓe, ya miƙa sanda daidai inda ƙiryar take tsayawa. Sandar ta wuce cikin iska. Ya sauke ta ƙasa-ƙasa har ta bugi kututture.

Ya durƙusa ya shafa. Ya zagaya bakinsa da tafin hannu, a hankali, kamar mai shafa kan marar lafiya.

“Wanga ba gatari ba na. Inji na.”

Ya zauna a kai, ya ajiye sandar a cinya.

“Da mi aka sauka da su? Jaki ba ya yin wanga rami.”

“Babur na,” na ce.

“Na wa?”

Ni da na taɓa rantse wa fasinja cewa na yi tsere da jirgin sama na rigaye shi Sakkwato, sai ga ni na sunkuyar da kai ina tona ƙasa da takalmi.

“Tun bara nika jin warin gawayi ga rigarka,” ya ce. “Nic ce ma raina wurin mai shayi kaka zama.”

Na fara zuba. Gero bai yi ba, albasa ta ruɓe, fasinja ya yi ƙaranci, ba ni na sare ba, ɗauka kawai nake, in ban ɗauka ba akwai goma a bayana. Duk gaskiya ne, amma a kunnena ma ya fi ƙaryar zakin rauni.

“Na sani,” ya ce. “Ai ban ce komi ba. Kanyar bisa hwa?”

“Babu.”

“Taurar da ag ga bakin kwazazzabo?”

“Babu.”

“Tsamiyoyin nan biyu da munka sa ma jan fenti?”

“Babu, Kaka.”

Haka ya yi ta kira, icce bayan icce, hanya bayan hanya, har waɗanda ban taɓa jin sunansu ba, ina amsawa da kalma ɗaya. Ban taɓa jera gaskiya mai yawa haka a rayuwata ba. Da ya gama ya miƙe ya kakkaɓe riga. Na ce ko mu ƙarasa bisa tunda mun zo. Ya ce mu ƙarasa mu ga me.

Da muka dawo, tsofaffin unguwa na zaune a zaure, kowa ya yi tsuru-tsuru, don labarin inda muka je ya riga mu isowa. Wani abokinsa ya yi ƙarfin hali ya ce, “Malam, ya daji?”

“Shina nan lahiya lau,” in ji Kaka, ya lalubi tabarmarsa ya zauna. Duk suka dube ni, na dubi ƙasa.

Tun ranar bai sake bin hanyoyin nan da baki ba. Na yi ta ƙoƙarin tuno jerin, marke, ƙirya, kanya, daga nan sai ya ɓace mini, kuma babu wanda zan tambaya. Masu toyi sun matsa can gaba bayan tsaunin, inda ɗan abin da ya rage yake. In sun kira ni ina zuwa, don gidan na cin abinci.

Yana nan da ransa. Da safe nakan leƙa zaure in ce, “Tsoho, ba ka mutu ba har yanzu? Ka bar mana wuri mana.” Da can sai ya ɗaga sanda ya wanke ni da zagi har maƙwabta su fito. Yanzu sai ya juyo da fuska wajen muryata, cikin ladabi kamar ya yi baƙo, ya ce, “Sannu da aiki, malam. Allah shi kiyaye hanya.”