Kwalabe Goma Sha Tara na Uwar Firji

Kullum ƙarfe bakwai na safe, kafin ta ajiye jaka, sai ta durƙusa ta leƙa bayan firjin ɗakin gwajin asibiti, ta ga ko wayarsa na jone. Shekara ashirin da biyu ke nan. Abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Firji, kuma ba don yabo ba.

A cikinsa akwai ƙananan kwalabe goma sha tara na jini da ruwan ƙashin baya. Na yaran da suka yi ƙyanda ne suna ƙanana, suka warke, sai bayan shekaru ƙwayar cutar ta farka musu a ƙwaƙwalwa: mantuwa, zabura, faɗuwa, daga nan magana ta ɗauke. Cutar ba ta da yawa, maganinta bai samu ba. Masu bincike na son auna alamun kumburi da na garkuwar jiki a ruwan, amma sai an tara da dama, kuma in ya narke ya tashi aiki.

Kwalba ta bakwai ta 'yar wani tela ce. Kafin ya yarda a ɗiba ya ce, "Yaya, zai warkar da ita?"

"A'a, Malam. Wataƙila 'yar wani."

Ya sa hannu. Har yau, duk shekara yakan zo ya tambaya ko an duba.

Soket ɗaya ne a bangon. Sau huɗu ta rubuta takarda a ƙara wani, shiru. A watan jiya wani sabon likita ya zare wayar firjin ya jona butar shayi. Mai shara ta shaida abin da ya biyo baya tsakaninsa da ita.

"Haba Anti, minti biyar ne fa!"

"Ɗana, wanda ya riga ka ma minti biyar ya ce. Kwalba uku muka zubar."

Uwar Firji, ke ce mai gadin da ba a ɗauka gadi ba. Ke kika riƙe alkawarin tela, alhali ba ya cikin takardar aikinki.

Ranar Juma'a ta yi ritaya. Masu binciken kuwa sai wata mai zuwa za su zo ɗaukar kwalaben. A taron sallama, kyautar da aka miƙa mata butar shayi ce ta lantarki. Ta juya ta, ta yi godiya, ta ce a haɗa mata da tsohuwar butar ɗakin gwajin, ta tafi da su duka.

Mun gode, Uwar Firji, Allah ya saka. Mai son koyi da ita ba sai ya yi nisa ba: ya bar wayar nan a jone har wata mai zuwa.