Ranar Da Muka Rantse Riɗinmu Ba Biyu Ba Ne

Ko zan tsufa har in riƙa neman ɗankwalina yana kaina, ba na jin zan manta ranar da baƙi daga Maraɗi suka zo sayen riɗinmu a Tirwun, mu kuma muka tashi da bakinmu muka kusa korarsu. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai dariya ta fara kama ni, daga baya kuma in ji alfahari ya cika min ƙirji.

A Ƙofar Dumi aka haife ni, aure ne ya kai ni Tirwun. Maigidana keken haya mai ƙafa uku yake ja, yana kuma da gona ta gado a bayan gari, sai ya bar min ita ina noma riɗi. A lokacin mun haɗa wata 'yar ƙungiya ta manoma, maza da mata, muka yi alkawarin ba za mu zuba takin zamani ba, ba kuma za mu yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari ba. Takinmu kashin dabbobi ne da toka da sharar gida, mu binne a rami har su ruɓe. Maganin ƙwarinmu 'ya'yan darbejiya ne, mu daka mu jiƙa. Malamin gonar da ya koya mana yana ce wa abin oganik. Shugabanmu wani dattijo ne Kirista daga wajen Bogoro, tsohon ma'aikacin gwamnati, kowa Baba yake ce masa. Mutum ne mai tsantseni, in ya ce a'a to har ƙarshen duniya a'a ce.

Wahala kam mun sha ta. Maƙwabcin gonata zai zo da safe ya yi feshi, kafin rana ta yi zafi ya koma gida ya miƙe ƙafa, ni kuwa ina duƙe da fartanya har la'asar. In ya wuce sai ya ce, “Sannu da aiki, mutanen da.” Abin da ya fi ƙona min rai shi ne in kaka ta yi, dillalai su juye riɗina cikin na kowa, ba wanda ya damu da yadda aka noma shi. A shekarar da nake ba ku labari, maigida ya sayo sabon famfon feshi, ya rataye shi a zaure cikin ledarsa. Ya ce, “Bana ce ta ƙarshe. In ba a sami mai saye da ya san darajar wahalar nan ba, baɗi ni zan karɓi gonata in yi mata irin na mutane.” Ban ga laifinsa sosai ba, domin yana ganin yadda nake dawowa kamar an yi min duka. Amma duk shigata da fitata sai na harari famfon nan.

Ana cikin haka malamin gona ya kawo mana labari. Ya ce manoma irinmu na Nijar da Kamaru da Cadi sun fara haɗa kai, suna zuwa duba gonakin juna, suna shaidar juna, suna kuma sayen amfanin juna. Akwai wata ƙungiyar mata a Maraɗi masu tatsar man riɗi, nasu ba ya isarsu, za su turo wakilai su ga namu.

To, duk wanda ya taɓa kai riɗi kasuwa ya san abin da mai saye ya fi tsana, wato a haɗa fari da ja a buhu ɗaya. Dillali zai soka hannu ya ɗebo, ya taɓe baki ya ce, “Wannan ai biyu ne,” shi ke nan ya karya maka kaya. Saboda haka muka zauna muka yi ta sheƙa muna tsincewa, har idanuna suka riƙa ganin riɗi ko na rufe su. Baba yana zagayawa da tabarau a kan hanci, yana cewa, “Ko ƙwaya ɗaya ja kada in gani. Ba za a kira mu 'yan biyu a gaban baƙi ba.”

Ranar da suka iso, da hantsi, muka tarye su da masa da miyar taushe a ƙofar ɗakin ajiyarmu. Malamin gona ya gabatar da mu, sannan ya hau babur ya tafi Gwallameji ya shirya musu masauki, da nufin in ya dawo a wuce gonaki. Jagorarsu wata Hajiya ce doguwa, mai fara'a, Hausarta irin ta can, ta “mi” da “hwa”. Muka yi ta tsokanar juna a kan haka, har na ji kamar mun daɗe da sanin juna. Da aka buɗe buhuna ta ɗebo riɗin, ta murza, ta shinshina, ta watsa a baki. Na ga fuskarta ta washe. Sai ta juyo ta yi mana tambaya, abin da kunnuwanmu suka ji kuwa shi ne, “To, wanga riɗi naku biyu na?”

Kai, kamar ta taka mana wuta. Gaba ɗaya muka ɗauka, “A'a! Allah ya kiyaye, ba biyu ba ne!” Ta sake tambaya a hankali, tana duban fuskokinmu. Muka sake rantsewa. Baba ya gyara tsayuwa ya buga ƙirji ya ce, “Hajiya, ba mu taɓa yi ba, ba kuma za mu yi ba. Duk wanda ya yi shi a ƙungiyar nan, korarsa muke yi.”

Sai muka ga fara'arta ta ɗauke. Ta kakkaɓe hannu, ta dubi matan da suka zo tare, ta ce mana, “Allah shi saka muku da hwaɗin gaskiya. Ba kowa ka iya haka ba.” Ta ce ba sai an je gona ba, hanya tana da nisa, gara su kama ta da wuri. Suka nufi motarsu.

Muka tsaya cirko-cirko. An gode mana, an yaba gaskiyarmu, kuma ana tafiya a bar mu da kayanmu. Na waiga sai na hangi maigida ya ajiye kekensa a gindin bishiya, ashe ya bar aiki ya zo ganin yadda za ta kaya. Ya sunkuyar da kai. Nan take famfon da ke zaure ya faɗo min a rai. Ni kuma Allah ya yi ni da zuciya, in abu ya tsaya min a wuya sai na amayar da shi. Na fizgi faifai, na ciko shi da riɗi, na sha gaban Hajiya tana shirin sa ƙafa a mota.

Na ce, “Hajiya, don girman Allah ki tsaya. Kin keto ƙasa guda kin zo, kin ci masarmu, ba za ki tafi ki bar mu cikin duhu ba. Ga shi nan, nuna min na biyun. Ƙwaya ɗaya ja ki nuna min, ni da kaina zan zubar da buhuna a kwata.”

Ta dube ni da mamaki ta ce, “Wane ja kuma, ƙanwata? Riɗinku hwari na tas. Ni biyo na ce.”

Na ce, “To ai mun ce ba biyu ba ne!”

Ta ce, “Ba biyu ba. Biyo! Bi, yo!”

Na ce, “Mu biyo ki ina? Maraɗin?”

Wata daga cikin matan motar ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Hajiya ta sauke ƙafarta ta ce, “Biyo, wanda bai sha angire ba.” Na ce angire kuma wane ne? Ta ce, “Takin ga na buhu, na kanti. Da maganin hweshi. Riɗin da ba a sa ma ko ɗaya ba, shi muka ce ma biyo.”

Ashe abin da malaminmu yake kira oganik da bakin Ingilishi, su biyo suke ce masa da bakin Faransanci. Wato abin da muka yi shekaru muna karya ƙugu a kansa, shi muka taru muka rantse ba mu taɓa yi ba. Na ajiye faifan a ƙasa na buɗe mata tafukana, duk kanta, na ce, “Dubi hannun nan, Hajiya. Wannan ya yi miki kama da hannun mai feshi?” Baba kuwa ya ɗora hannu a ka yana cewa, “Wayyo ni! Ni da na ce korarsa muke yi!” Wuri ya kaure da dariya, har direbansu.

Amma Hajiya ba ta daɗe tana dariyar ba. Ta ce an taɓa sayar musu da kaya da sunan biyo, daga baya aka gano ƙarya ce, sai da sunan ƙungiyarsu ya kusa ɓaci. Ta ce, “Ɗazu kun ce a'a da rantsuwa, yanzu kun ce i da rantsuwa. Wacce zan kai ma matan da sunka aiko ni? Gona ni ka son gani.” Na ji daɗin maganar nan, domin gona ba ta iya ƙarya. Na ce, “To yanzu ke za ki biyo ni.” Kafin in rufe baki maigida ya tayar da keke ya matso ya ce, “Ku hau, Hajiya.”

A gona ta cire takalmanta. Ta fara duba iyaka, inda na bar gamba ta yi tsayi tsakanina da maƙwabcina don kada iska ta kwaso min feshinsa. Ta ga gefensa ciyawa ta ƙone ƙurmus, gefena kuwa har da rama da yakuwa da suka fito da kansu. Ta durƙusa a bakin ramin takina ta tona da hannu, ga shi baƙi wuluk, da laima, ga tsutsotsin tana suna motsi a ciki. Ta buɗe durom ɗin da nake jiƙa darbejiya, warin ya buge ta, ta ja da baya tana tari tana dariya. Sai idonta ya sauka a kan wani tsohon buhun takin zamani da ke jingine. Na yi wuf na matso. Na ce fanko na saye shi a kasuwa, toka nake kawowa a ciki. Ta leƙa ta ga tokar, ta ce in rabu da irinsa, kada wata rana riɗi ya shiga ciki. Sannan ta miƙe, ta kama hannayen nan nawa masu kanta, ta ce a gaban kowa, “Wanga biyo na, ƙanwata. Da na tahi, da na yi asara.”

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Ni da ake ce wa mutanen da, ga wata ta taso daga wata ƙasa, ta tona ƙasar gonata da hannunta ta shaide ni. Da malamin gona ya dawo ya same mu a can, aka ba shi labari, sai da ya zauna a kan kunya don dariya.

Riɗinmu ya tafi Maraɗi a wannan kakar, yana kuma tafiya har yau. Daga baya mu ma muka je muka duba gonakinsu kamar yadda tsarin yake, na cire takalmina na tona ƙasar Hajiya, ban kuwa yi mata sassauci ba. A can na koyo yadda suke haƙa 'yan ramuka su zuba taki don ƙasa ta riƙe ruwa, su kuma suka ɗauki yadda muke haɗa takin rami da toka. Famfon zaure kuwa, da damina ta kama maigida ya sauko da shi ya cire ledar, abin da ya fara shiga cikinsa ruwan darbejiya ne, shi ne ma ya goya shi ya yi min feshin.

Abin da ranar ta koya min shi ne, jin yaren mutum ba shi ne jin maganarsa ba. Mu da su Hausa ɗaya muke yi, addu'a ɗaya, tuwo ɗaya, shi ya sa ba wanda ya ga dalilin tsayawa ya tambayi ɗan'uwansa me yake nufi. Sojoji da kwastan da ke kan iyaka ba su hana Hajiya zuwa Tirwun ba, harafi ɗaya ne ya kusa mayar da ita. Tun daga ranar, ko da wa nake ciniki, in na ga fuska ta canja ba na barin a rabu a haka. Sai na sha gabansa na ce ya nuna min na biyun.