Tukwanen da Ruwa Ya Tone

Ana sallame sallar asuba muka bar Gusau, mu uku a cikin wata tsohuwar a-kori-kura: ni, da direba, da abokina mai fim. A baya mun ɗaure talabijin da bidiyo da ƙaramin janareto, mun lulluɓe su da bargo kamar marasa lafiya. Gyaran rediyo ne sana'ata, don haka aikina a tafiyar shi ne haɗa waya da tayar da janareto. Kallon fim ɗin tsoro kuwa ba ya cikin abin da nake so, ni da ko gafiya ta yi motsi a rufi sai barci ya gagare ni.

Ga dalilin tafiyar. Abokina ya kashe shekara biyu yana haɗa wani fim wanda babu waƙa, babu rawa, babu soyayya. Labarin wani mutum ne da kwale-kwalensa ya fashe, ya maƙale shi kaɗai a kan wani tudu a tsakiyar ruwa, daji ya kewaye shi. Kullum yana jin ana daka a bayansa, in ya waiwaya babu kowa, har mai kallo ya rasa ko aljanu ne ko kan mutumin ne ya taɓu. 'Yan kasuwar kaset duk sun ƙi karɓa. Ɗaya ne kaɗai ya ce ya je ya gwada shi a kan mutane, in ya tsorata su ya dawo su yi magana. In bai tsorata kowa ba, abokina zai koma shagon ɗinkin yayansa, wurin da ya rantse ya bari har abada. Kaset ɗin kuma ɗaya ne tak a duniya, don na asali, na cikin kyamarar da ya yi hayarta, tuni an ɗauki bikin wasu a kansu. A aljihun gaban rigarsa yake yawo da shi.

Bazara ce, tun kafin mu wuce Maru rana ta fara dukan gilashi. Hanyar ba laifi, sai dai ramukan da direba ya san su kamar 'yan'uwansa, yana kauce wa wannan ya faɗa wancan. A Mayanci muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Ni na ci nawa na ci rabin na abokina, don shi tun da muka taso hankalinsa yana kan fim ɗinsa.

Mun shiga Talata Mafara ranar kasuwa. Tumatir da albasa na noman rani sun cika gefen titi, arha har ta ba ni haushi, don kwandon da ake roƙonka ka ɗauka a nan, kuɗinsa ba zai cika maka kwano ba a Gusau. Manoman suna zaune a bayan kayansu babu mai fara'a, wasu kwandunan ma sun fara tsiyaya. Muka sami wani gidan kallo, rumfar kwano da bencina, mai wurin ya yarda mu sa namu da rana kyauta. 'Yan kabu-kabu da 'yan dako suka cika shi, don abin banza ba ya rasa jama'a.

Ba zan ɓoye muku ba, abin bai yi daɗi ba. Tun ba a je ko'ina ba wani ya hango sandar da aka ɗaure makirfo a kanta tana leƙowa daga sama, ya nuna wa sauran. Da jini ya fito a ƙafar ɗan wasan, wani ya ce wallahi zoɓo ne, kuma gaskiyarsa, zoɓon ne. Daga baya wani ƙato ya riƙa tambaya da ƙarfi, yaushe dodon zai fito, shi yana da lodi. Wuri ɗaya ne suka yi shiru, inda mutumin yake tafiya a kan tudun, tsakanin wasu gindin tukwane da suka leƙo daga ƙasa jere-jere, ga wata matacciyar kuka a bayansa, ga ƙarar daka tana matsowa. Ni kaina na ji tsigar jikina ta tashi. Sai ɗan wasan ya yi tuntuɓe da tukunya ɗaya ya kife, rumfar ta fashe da dariya, har suka sa ni na mayar baya sau biyu. Abokina ya fita waje ya tsaya a rana.

Da la'asar muka nufi Bakura. Hanyar tana bin gefen magudanan ruwan da aka gina tun lokacin da aka yi dam ɗin Bakolori. Wasu akwai ruwa, shinkafa kore shar, wasu kuma ciyawar kacalla ta shaƙe su, gonakin gefensu sun bushe sun tsattsage. A nan bayan magariba muka kafa talabijin a gaban wani mai shayi, kuma yawancin masu kallon magidanta ne. Su ba dariya suka yi ba, gardama suka yi. Wani ya ce yunwa ce kawai take damun mutumin, a ba shi tuwo a ga ko zai sake jin daka. Wani ya ce duk fim ɗin bai ga ya yi alwala ko sau ɗaya ba, to me zai hana a bi shi. Amma da aka zo wurin tukwanen nan, kowa ya ajiye kofinsa. Mutum biyu suka tashi suka ce sun tuna wani uzuri a gida. Mai shayin ya ce shi dai ba zai sake zuwa bakin ruwa shi kaɗai ba. Abokina ya ci tuwon shinkafa da kifi malmala biyu, ya ce mini wurin tudun nan shi ne fim ɗin, shi zai sayar da shi.

Washegari muka koma ta Mafara, muka bi hanyar dam zuwa wajen Maradun. Direba yana da gwaggo a wani ƙauye can ciki, shi ya ce mu kai musu, mutanen da suka san daji ne. Daga inda muka bar kwalta, ƙasar ta koma ja mai tsakuwa, babu itace mai inuwar kirki. Direba ya gaya mana cewa ba nan ne asalin garin ba. Garinsu na fadama yana ƙarƙashin ruwa, shekara ashirin da wani abu da aka tashe su aka tsugunar da su a nan. Mun wuce jakuna ɗauke da jarkoki, don rijiyoyin garin sun ƙafe. Daga kan jigawa kana hango ruwan Bakolori can nesa yana ƙyalli, amma a garin babu famfo, babu turken wutar lantarki ko ɗaya. Raina ya ɓaci tun kafin mu sauka.

An karɓe mu da gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta hanya da ta zafi, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya, alhali na ga yadda ruwan yake zuwa. Bayan azahar mai gari ya ba mu zaurensa. Aka rataya tabarmi a ƙofar waje don ya yi duhu, maza suka zauna a gaba, mata suka taru a ƙofar da take shiga cikin gida. Waɗannan ba su yi dariya ba, ba su yi gardama ba. Ko sandar makirfo ba wanda ya kula da ita. Abokina yana ta zungurina da gwiwar hannu, wai in ga yadda fim ya kama su.

Da kukar nan ta fito, wani dattijo mai farin gemu, yayan mai gari, ya miƙe tsaye daga kan buzunsa.

Ya ce, "Ɗana, tsai da shi nan."

Na danna, hoton ya tsaya yana rawa. Dattijon ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ga abokina.

"Ina kunka ɗauko wanga wuri?"

Abokina ya ce bara ne da ruwa ya ja baya sosai, wani masunci baƙo ya kai su a kwale-kwale. Ya ce da ya ga tukwanen ya ɗauka tsohon wurin maginan tukwane ne.

Dattijon ya ce, "Ba wurin magina na ba, ɗana. Mutanenmu na. Makabartar garinmu ta."

A birni itace muke jerawa a kan mamaci kafin a tura ƙasa, shi ya sa abin bai zo wa abokina a rai ba. Su a tsohon garinsu, manyan tukwane ake rabawa biyu a kifa a kai. Ruwa ne ya yi shekaru yana cin ƙasar sama har gindin tukwanen ya fito. Abin da ɗan wasan yake takawa da takalmi, abin da ya yi tuntuɓe da shi, rufin kaburbura ne.

Ba wanda ya ɗaga murya. Mazan suka gyara zama suka fuskanci talabijin, dattijon ya yi sallamar da ake yi wa mutanen kabari, suka ɗaga hannu suna addu'a, janareto yana ta ƙara a waje. Matan kuma suka ja mayafi suka koma cikin gida ɗaya bayan ɗaya, don mace ba ta shiga makabarta, kuma a wurinsu zauren ya riga ya zama ita. Tsohuwa ɗaya ce ta rage a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta koma ba. Matar dattijon ce.

Da aka shafa, ta ce a hankali, "Malam, ina na yaron ga yake?"

Direba ya raɗa mini cewa ɗansu na fari take nufi, wanda ƙyanda ta ɗauke yana tatata, kafin a tashi garin. Ba ta faɗin sunansa saboda kunyar ɗan fari, kuma tun ranar da aka fita da shi a tabarma ba ta taɓa ganin inda aka sa shi ba. Dattijon ya ɗora yatsa a kan gilashin, a gindin kukar, daidai inda ɗan wasan ya hura wuta a fim ɗin. Toka ce a wurin, da baƙin hayaƙi a jikin wata 'yar ƙaramar tukunya.

Ta daɗe tana kallo daga inda take. Sannan ta ce, "Ashe gindin kuka kunka sa shi. To, ya samu inuwa."

Kukar babu ganye ko ɗaya a jikinta, ta mutu tun shekarun da ruwa ya shanye ta. Ni dai na sunkuyar da kai na yi kamar ina duba waya, don idona ya cika.

Dattijon ya tambayi abokina ko wasu sun ga wannan kafin su. Ya ce an gani a Mafara da Bakura. Dattijon ya ce to mi sunka ce? Direba ya taka ƙafar abokina, amma bai bi ta kansa ba.

Ya ce, "Baba, a Mafara dariya suka yi."

Na so a ce dattijon ya zage mu, da ya fi mini sauƙi. Bai yi ba. Ya gyaɗa kai kawai ya ce, "Ba su sani ba. Allah shi gafarta muna da su." Bai ce a goge ba, bai ce kada a sayar ba, bai roƙi komai ba. Ya koma kan buzunsa ya zauna.

Abokina ya daɗe a tsugune gaban bidiyon. Ya san abin da na sani, cewa in aka cire wurin tudun babu fim, in aka bar shi kuma za a riƙa mayar da tuntuɓen nan baya a kowace rumfar kallo. Ya danna, kaset ɗin ya fito, ya riƙe shi hannu biyu ya miƙa wa dattijon. Dattijon ya ce su ba su da abin kallo. Abokina ya ce ya sani. Sai dattijon ya karɓa ya miƙa wa matarsa, ta naɗe shi a gefen mayafinta ta shige ciki.

Mun ɗaure kaya muka kamo hanya rana tana ja. Gwaggon direba ta cusa mana hoce, gasasshiyar wainar dawa, a leda, har muka iso Gusau babu wanda ya buɗe ta, ni ma da ba na wasa da ci. A wajen Bunguɗu abokina ya ce in na ga yayansa in gaya masa ya share keken ɗinkin da ke lungu. Mun sauka lafiya bayan isha'i.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Mu 'yan birni muna ganin wuri babu gida babu hayaƙi sai mu ce daji ne, ba na kowa ba, mu shiga da takalmi. A bakin ruwan nan babu irin wannan wurin, kowane tudu akwai masu shi, an dai ɗauke su ne an kai su inda ba sa hango shi. Na ji wa abokina ciwon shekara biyunsa, har yanzu ina ji, amma da ya dawo da kaset ɗin a aljihu ban san yadda zan riƙa kallon fuskarsa ba. Nan da 'yan makonni damina za ta sauka, ruwa ya sake rufe tudun da kukar. Wurin da tsohuwar nan ta gani sau ɗaya a rayuwarta yana nan a ɗakinta cikin mayafi, a garin da babu wutar da za ta kunna shi.